Birkin Malam Kalla

Mu huɗu aka haɗa, ba mu muka zaɓi juna ba:
ni, da Mutari mai saurin baki,
da Harira wadda ba ta yarda da lissafi sai ta auna da hannunta,
da Laminu mai barci ido buɗe.
Muse Bukari ya ce, “Wata uku na ba ku.
Ku nemo abin da ke ci wa wani tuwo a ƙwarya.”

Kafin a tashi lakwal Mutari ya gama zane:
kurar ruwa mai inji,
da farantin rana a kanta kamar malafa.
Muka tafa. Har suna muka raɗa mata.
Harira ta ce, “Kun tambayi mai kurar?”

A famfon Garin Malam muka same shi,
layin bido ya kai gindin bedi.
Malam Kalla ya juya takardarmu sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce, “Ƴaƴana, turi bai taɓa kayar da ni ba.
Gangarar bayan duwatsun Birni,
can ne kura ke tuna sunanta,
ta ja ni kamar ɗan akuya.”
Ya naɗe wando, ya nuna mana gwiwa:
tabo bisa tabo.

Ranar, Mutari bai ce uffan ba har gida.

Muka auna gangara da zare da dutse.
Bido goma sha biyu, kilo ɗari uku,
ban da nauyin ƙarfen kurar.
Kuɗinmu jikka biyar, dabararmu uku a allo,
kowa na cewa tasa ce uwa.
Kwana biyu ni da Mutari ba gaisuwa,
Harira na kai saƙo tsakaninmu tana tsaki.

Birkin keke muka fara saye a Kasuwar Dole.
Ruwa ya fi ƙarfin wasa a garinmu,
sai muka cika bido da rairayi.
Taku bakwai, waya ta ce tas!
Kura ta tafi ita kaɗai, ba sallama,
ta watsa awaki, ta sumbaci katanga.
Muse Bukari bai yi faɗa ba.
Ya ce, “Ku rubuta inda ta tsinke,
da taku nawa, da abin da kuka ji a hannu.”

Na biyu gungumen ice ne kan taya.
Ya kama, ya kama fiye da kima,
kura ta durƙusa, rairayi ya cika mini baki.
Muna zaune a inuwar dutse, kowa na kakkaɓe kansa,
sai ga muryar da muka manta da ita:
“Hannunsa biyu na riƙe da kura.
Da wane zai ja birkin?”
Laminu ke nan. Ashe duk barcin nan kallo ne.

Muka sauko da birki ƙasa, wurin ƙafa.
Tsohuwar taya daga wajen masu yanka takalma,
ƙarfen gado, da waldar da aka yi mana bashi.
Mutari da kansa ya yage zanen malafar
ya rubuta sabon awo a bayansa.

Ran gwaji Malam Kalla ya ce a zuba ruwa na gaske.
Ya yi bisimilla, ya taka.
Kura ta yi ƙara kamar zabuwa,
ta sauko a hankali, tana jin magana,
ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Sha huɗu bisa ashirin aka ba mu.
Ban riƙe shi a rai ba kamar abin da tsohon ya faɗa
yana goge zufa da hularsa:
“Ya yi. To, in damina ta sauka,
taya ta sha laka fa?”

Muka dubi juna.
Harira ta lashi yatsa,
ta buɗe sabon shafi.